Jawabi kan sabuwar takardar shaidar ƙungiya

Takardar shaidar da kwamfutar ofis ke bugawa yanzu, mun tsara ta da Faransanci da Turanci, domin jami'in Kuseri da na Mfum kowa ya iya karantawa. Lambar haraji ta NIU da ranar ƙarewa suna sama, nesa da inda ake ninkewa. Mun bar gurbin hatimi, tunda shi ake fara dubawa a shinge.

Amma suna ne ke tsare mutum. Katin ɗan ƙasa ya ce Mahamadou, takarda ta ce Muhammadu, sai motar albasa ta wuni a rana. Don Allah kowa ya kawo katinsa ofishinmu na New Bell kafin a buga masa. Yadda aka rubuta can, haka za mu rubuta.