Motar Gidan Waya Har Bakin Gandun Daji: Tattaki a Tsaunukan Siwizalan

 Yau ƙasar Siwizalan muka nufa, can tsakiyar Turai, domin mu ga wani gandun daji da ke kan tsaunukan Alps, wanda mutum ke isa har bakin hanyoyinsa ko da bai mallaki keke ba. Kuɗin mota kawai yake buƙata, sauran aikin na ƙafafunsa ne.

Gandun yana kusurwar gabashin ƙasar, a jihar Graubünden, dab da iyakar Italiya. An kafa shi ranar 1 ga Agusta, 1914, kuma babu gandun ƙasa da ya girme shi a duk tsaunukan Alps. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 170. Kafin nan wurin ya sha wuya a hannun mutane. An yi ɗaruruwan shekaru ana sare dazukansa domin yin gawayi da narka ƙarfe, maharba kuma sun ƙarar da manyan namun dajinsa. A shekarar 1904 aka harbe dabbar beya ta ƙarshe da ta rage a ƙasar, a wannan yanki. Shi ya sa waɗanda suka kafa gandun suka yanke hukunci mai tsauri: a janye hannun ɗan Adam gaba ɗaya. Ba sara, ba farauta, ba kiwo. In bishiya ta faɗi, a bar ta ta ruɓe a inda take.

To, ta yaya ake zuwa? Jirgin ƙasa ne ke sauke mutum a wani ƙaramin gari mai suna Zernez, inda hedikwatar gandun take. Da fitowarka daga tasha za ka tarar da bas mai launin ruwan ɗorawa tana jira. PostAuto ake ce mata, wato motar gidan waya, domin hukumar gidan waya ta ƙasar ce ke da ita, kuma tun 1906 ta fara jigilar fasinja da mota. An tsara lokacinta ne daidai da isowar jirgi. Ba irin tashar da muka saba ba ce, inda ake zaman jiran mota ta cika. Lokaci na yi direba zai tayar, ko da fasinja biyu ne a ciki.

Daga Zernez motar na bin hanyar Ofenpass, wadda ta ratsa tsakiyar gandun, ta haura har tsayin mita 2,149, sannan ta gangara kwarin Müstair, ta wuce zuwa garin Mals a Italiya. A lokacin zafi kusan kowace awa akwai mota, kuma wuraren tsayawarta a bakin hanyoyin tattaki suke. Gandun na da irin waɗannan hanyoyi 21.

Bari mu bi ɗaya daga ciki tare. Ka sauka a wurin da ake kira Stabelchod. Ƙarar mota na ɓacewa, sai ka shiga dajin dogayen itatuwa, da matattun kututture kwance ta ko'ina. Can sai daji ya buɗe, ga fili mai ciyawa. A nan za ka ji wani fito mai kaifi. Ba mutum ba ne, wata dabba ce mai kiba da ke zama a rami, ana ce mata mamot. In ta hango gaggafa sai ta miƙe tsaye a kan ƙafafun baya ta yi fito, 'yan uwanta su faɗa ramuka. Daga nan hanya ta miƙe sama, numfashi ya fara nauyi, har ka kai Margunet, sama da mita 2,300.

A kwarin Stabelchod ne aka saki ungulu mai gemu a 1991, bayan an daɗe da ƙarar da irinta a Alps bisa zargin ƙarya cewa tana ɗauke 'yan tumaki, har ma da yara. Alhali ƙashi ne abincinta. In ƙashin ya yi mata girma, sai ta tashi da shi sama ta sako shi kan dutse ya farfashe. Buɗin fikafikanta ya kusa mita uku. A 2007 aka ga ta yi ƙyanƙyasa a dajin ƙasar da kanta.

Daga Margunet sai ka gangara ta wani kwarin daban, Val dal Botsch, ka fito titi kusa da wurin da ake kira Il Fuorn. Tafiyar kamar awa uku ce.

A nan ne, masu sauraro, mai shiga bas ya fi mai motar kansa. Wanda ya zo da motarsa dole ya koma inda ya ajiye ta, kome nisa. Mai bas kuwa ya shiga ta wannan ƙofa ya fita ta waccan. Dubi hanyar Munt la Schera: ka sauka a Buffalora, ka hau ƙololuwar da ta haura mita 2,500, inda ake hango tsaunukan Italiya, ka gangaro Il Fuorn bayan kimanin awa biyar, ka tari mota. Ga kuma ribar da gandun ke samu: kowace bas da ta cika ta rage motocin da za su nemi wurin ajiya a tsakiyar daji. Ɗalibi, da tsoho da ya daina tuƙi, da baƙon da ya sauka a jirgin sama jiya, duk hanyar tasu ce, kuma shiga gandun kyauta ne.

Akwai wasu ƙofofin. Daga garin Scuol bas na zuwa bakin kwarin Mingèr. Ta wajen S-chanf kuma ake shiga kwarin Trupchun, wanda ya yi suna da manyan bareyin Turai masu ƙaho mai rassa. A ƙarshen watan Satumba, lokacin barbara, rurin mazansu kan cika kwarin. A can ne kuma ake yawan ganin awakin dutse masu lanƙwasasshen ƙaho, waɗanda aka maido gandun a 1920.

Me ya sa ake ganin namun daji da rana tsaka a wurin da dubban mutane ke ziyarta? Doka ce ta jawo. Haramun ne mutum ya sauka daga kan hanya. Ba a shiga da kare, ko da igiya a wuyansa. Ba a hura wuta, ba a kafa tanti, ba a hawa keke, ba a tsinkar fure ko ɗaukar dutse. Wurin hutawa ma an kewaye shi da turaku. Masu gadi na zagayawa, wanda ya karya doka a ci shi tara. Da yake an shafe fiye da shekara ɗari mutum bai bar hanyarsa ba, dabbobin sun gane iyakarsa, sai su ci gaba da kiwo yana kallonsu.

Ga wanda Allah ya nufa da zuwa, ga 'yan shawarwari. Allunan hanya awa da minti suke nunawa, ba kilomita ba. Alamar fari da ja a jikin dutse na nufin hanyar tsauni ce, tana son takalmi mai ƙarfi. Daga Yuni zuwa Oktoba ake tattaki, in ƙanƙara ta sauka a rufe hanyoyi. A riƙe ruwa da guzuri da rigar sanyi, domin hadari kan taso da yamma ba sallama, shi ya sa ake sammako. Abu mafi muhimmanci, kafin ka ɗaga ƙafa ka duba allon tasha ka san lokacin motar ƙarshe, ka yi lissafin tafiyarka daga nan. Kwana a gandun wuri biyu ne kawai: masaukin Cluozza da otal ɗin Il Fuorn.

Abin lura dai shi ne, kare daji bai hana talaka shiga ba, shigar talaka kuma ba ta ɓata dajin ba. Abu biyu suka haɗa wannan: motar da ke cika alkawarin lokaci, da matafiyin da ke tsayawa kan hanyar da aka shata masa.