Fitila Ɗaya Ta Isa, In Ka San Inda Za Ka Ajiye Ta

Yau maganar hasken ɗaukar hoto a situdiyo za mu yi, amma bari in fara da abin kunyar da ya same ni.

Ina da ɗan shagon hoto a Rano. Farkon buɗewata aka kira ni Kibiya in ɗauki amarya ranar kamu. Na ɗora filashi a kan kyamara, na tsaya gaba da gaba da ita, na yi ta dannawa. Da hotuna suka fito, wallahi fuskar ta yi fari fat, hoda sai ƙyalli, ga baƙar inuwa a bango. Yayarta ta duba, ta ce, "Malam, wannan ba ƙanwata ba ce." Na mayar musu da kuɗinsu, amma ka san ba a kamu sau biyu.

Da farko na ɗora wa kyamara laifi. Ashe haske ne ban iya ba. Sai na fasa sayen sabuwa, na ɗauki fitila ɗaya, kullum bayan La'asar in zaunar da ƙanena in yi ta gwaji. Ranar da ya gudu, tulu nake sa wa hula.

Abu na farko da na gane: raba fitila da kyamara. Kai ta gefe kamar digiri 45, ka ɗaga ta sama da kan mutum kaɗan. Matsar da ita a hankali har inuwar hanci ta haɗu da ta kumatu, ya rage ɗan haske mai kusurwa uku a ƙarƙashin ido. Wannan ake kira hasken Rembrandt, sunan wani mai zane ɗan ƙasar Holan da ya rasu a 1669.

Na biyu, girman haske. Ƙaramar fitila tsirara inuwarta kaifi gare ta, kuma a baƙar fata irin tamu tabo take yi a goshi. Sa mata lema, ko ka rataya farin yadi a gabanta, amma kada ya taɓa ƙwan. Hasken zai yi faɗi ya kwanta a fuska. In ka matso da shi kusa, sai ya ƙara laushi.

Na uku, tazara. In ka janye fitila daga mita 1 zuwa mita 2, hasken da ke sauka a fuska ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin huɗu ne. Mutumin kuma ka janyo shi daga jikin bango kamar taku uku. Inuwar nan da ta ɓata mini hoton amarya sai ta faɗi ƙasa.

Na huɗu, farin kwali. Mayafi da ɗaurin kallabi suna rufe ido da duhu. Riƙe kwalin a ɗaya gefen ko ƙasan haɓa, ya mayar da haske. Kafin ka danna, duba ƙwayar idon: in babu ɗigon haske a ciki, gyara tukuna.

Wani zai ce, to in an ɗauke wuta fa? Ƙofar zaure ma fitila ce, babba kuwa. Zaunar da mutum daga ciki, hasken ƙofa ya zo masa ta gefe. Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyonsa a Bamako a 1948, yawancin hotunansa da hasken rana ya ɗauke su, kuma har yau ana baje su a Turai da Amurka.

Ga aikin gida. Samu mutum ɗaya da fitila ɗaya, ko da ta caji ce, ko da waya za ka ɗauka. Yi hoto 10, kowanne ka canja wa fitilar wuri, kada ka taɓa komai bayan ita. Jera su ka kalla. Yi kuskurenka a kan ƙanenka ko a kan tulu, kafin a kira ka gidan biki. Ni har yau in na bi ta Kibiya sai na tuna da amaryar nan.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.