Maganin Ido Mai Daɗewa Yana Aiki: Ina Rabon Mutumin Gashuwa da Nguru?



Kowa a zauren nan ya taɓa ɗiga maganin ido, ko ya ɗiga wa wani. Abin da ke ratsawa cikin ƙwayar ido daga ɗigo guda bai kai kashi 5 cikin 100 ba. Da ya sauka, ƙiftawa da hawaye sun kore shi: wani ya gangaro kumatu, wani ya bi 'yar kafar da ke lungun ido ya faɗa hanci, ya zarce maƙogwaro. Ɗacin da kuke ji a baki bayan ɗigawa, maganin da kuka saya ne ya kama wata hanya. Shi ya sa likita ke cewa a sa safe da yamma, wani ma sau huɗu.

In ciwon na mako guda ne, da sauƙi. Hawan jinin ido, wato gilakoma, na tsawon rai ne. Binciken makanta da aka yi a faɗin Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna kashi 4.2 cikin 100 na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, a Arewa maso Gabas kuwa kashi 6.1, wanda ya fi na kowane yanki. Yanar ido ce kan gaba wajen jawo makanta, gilakoma na bin ta. Amma ana cire yana gani ya dawo. Abin da gilakoma ta cinye ya tafi ke nan. Cikin masu ita, ko kashi 6 cikin 100 ba su san suna da ita ba.

To, mu ɗauka an gano ta da wuri a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, an ba mutum kwalba. Masunci ne a dausayin Haɗeja da Nguru, ko manomin shinkafa a fadamar Bade, ko makiyayi daga can wajen Yusufari. Idonsa ba ya ciwo, maganin kuma ba ya ƙara masa gani, hana lalacewa kawai yake yi. Kwalba ta ƙare a wata guda, ga kuɗin mota, ga kuɗin wata kwalbar. Latanoprost, ɗaya daga cikin mafi inganci, a firji ake so a ajiye shi kafin a buɗe, alhali a watan Afrilu zafin garuruwan nan na haura digiri 40, wuta kuwa kun san halinta. Sannan azumi ya zo, ya ji ɗaci a maƙoshi, ya ajiye kwalbar sai bayan salla. Mu kan ce marasa lafiyarmu ba sa bin ƙa'ida. Ni a ganina ƙa'idar ce ba a ɗinka ta daidai jikinsu ba.

Yobe ta taɓa ganin irin wannan a yaƙi da amodari. Man tetracycline yana aiki, amma sai an shafa sau biyu kullum har mako shida, kuma uwa mai 'ya'ya da yawa ba ta cika kai wa ƙarshe ba. Da aka zo da azithromycin, wanda ake sha sau ɗaya ya zauna a jiki kwanaki yana aiki, sai rabon magani gari-gari ya yiwu. An rage dogaro da tunawar mutum ne, nasara ta biyo baya.

Tunanin ke nan da ke bayan maganin ido mai fita a hankali. Matanmu sun san ashanar tazarar haihuwa da ake sa wa a dantse. Haka abin yake, sai dai na ido ko ƙwayar shinkafa wani bai kai ba. Ana cuɗa maganin da wani sinadari mai kama da roba, ko a zuba shi a ɗan mitsitsin mazubi, a ajiye cikin ido, ya riƙa tsattsafowa dare da rana. Wani sinadarin narkewa yake ya ɓace, wani kuma yana nan ko bayan magani ya ƙare.

An fara da Ocusert a Amurka a 1974, ɗan faifai da ake sa wa ƙarƙashin fatar ido ya yi mako guda. Yawan faɗowa yana cikin abin da ya kashe masa kasuwa. A 1996 aka samu Vitrasert domin masu ƙanjamau da wata ƙwayar cuta ke cinye wa gani. Ozurdex ya fito a 2009, yana kai wa wata shida. Iluvien, na kumburin bayan ido da ciwon suga ke jawowa, shekara uku. Na gilakoma da ake dasawa cikin ido su suka makara: Durysta a 2020, sai iDose TR a ƙarshen 2023, wanda kamfaninsa ya sa wa farashin dala 13,950 guda ɗaya. Ku juya shi zuwa naira da kanku, ni ba zan ɓata wa kowa rai ba.

Ko da kyauta za a kawo su, akwai abin lura. Mai kwalba in magani ya ɓata masa, dainawa yake yi. Wanda aka dasa wa ba shi da wannan damar. Ozurdex da Iluvien dangin sitiroyid ne, suna iya tayar da hawan jinin ido su kuma kawo yana, don haka dole a riƙa auna idon. Durysta sau ɗaya aka yarda a sa wa kowane ido, saboda yana iya rage ƙwayoyin da ke bayan madubin ido. Susvimo, mazubin da ake sake cikawa duk wata shida, an janye shi daga kasuwa a 2022 saboda tangarɗa, sai 2024 ya dawo. Dashe yana rage ɗigawa, bai rage buƙatar likita ba, kuma likitan ido shi ne abin da muka fi rashi. Har yau mutanenmu na tafiya Kano, asibitin ido na ECWA, ko Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna.

Saboda haka abin da nake nema mana ya fi kusa. Bayan aikin yana, musamman a sansanonin aikin ido na kyauta inda likitoci ke tafiya bayan 'yan kwanaki, allurar triamcinolone ƙarƙashin fatar farin ido tana makonni tana kwantar da kumburi, kuma mai araha ce, muddin akwai nas da na'urar auna ido da za ta duba mutum bayan nan. Ga gilakoma kuma akwai hasken leza. A Moshi ta Tanzaniya an gwada shi da ɗigon timolol, aka buga sakamako a 2021: bayan shekara guda leza ta yi nasara a kusan kashi 61 cikin 100 na idanun, ɗigo kuwa kashi 31. Na'ura guda a Nguru za ta wadatar da Machina, Karasuwa, Jakusko da Bade.

Ku kuma na Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, ga aikin da ba sai an jira Amurka ba: ku sayi magungunan ido daga kemis-kemis na kasuwar Gashuwa a watan Mayu, ku auna ƙarfin da ya rage musu. Ku bi waɗanda aka rubuta wa kwalba, ku ƙirga nawa ke ɗigawa bayan wata shida, ku tambayi sauran dalili. Da waɗannan alƙaluma ne za a tunkari ma'aikatar lafiya a Damaturu.

Kafin nan, mai ɗigawa ya rufe ido, ya danne lungun da ke kusa da hanci da yatsa na minti biyu. Magani zai fi zama, ɗacin maƙogwaro zai ragu, mai asma da ke sa timolol kuma ya faɗa wa likitansa tun yau.