Mu Je Mu Gani da Idonmu: Jawabi Kan Ziyarar Tsofaffin Garuruwa

Hajiya Shugaba, iyayenmu mata, yayyena da ƙannena, da mazajenmu da suka bar mu muka fito, sannunku da zuwa.

An ɗora mini magana kan shawarar da kwamiti ya kawo, cewa bayan girbi mu cire wani abu daga asusu mu kai ziyara tsofaffin wurare. Na san wasu na cewa ɓarnar kuɗi ce, gara a ƙara wa masu gyaɗa da ƙuli jari. Ba su yi ƙarya ba, kuɗin nan da gumi aka tara shi. Amma ku ɗan ba ni aron hankalinku.

A ƙasashen da ke bakin tekun Bahar Rum akwai garuruwan da abincinsu ke fitowa daga baƙi masu zuwa kallo. A birnin Fas na Maroko, mutane kan taso daga Turai su hau soro don kawai su kalli majema suna jima fata a rami. Wari ya ishe su, har ganyen na'ana'a ake ba su suna shaƙa, amma ba sa sauka sai sun sayi jaka ko takalmi. Alhali fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta ta jar akuyar ƙasar Hausa ce, raƙuma suka ƙetare hamada da ita.

Wanda ya fi burge ni shi ne Gadamas a Libiya, garin da fatakensa suka zo suka zauna a Kano tun zamanin da. Gidajen ƙasa ne manne da juna, kuma saman soraye na mata ne. A can suke bi gida zuwa gida, su yi zumunci, su yi ciniki, namiji bai gan su ba. Kun ji masu dabara! A 1986 hukumar UNESCO ta sa garin cikin kayan tarihin duniya, don ba su rushe abin da kakanni suka gina ba.

To mu fa? Rano da ke kusa da mu ɗaya ce daga Hausa Bakwai, sarkinta ake wa kirari da Autan Bawo. A labarin Bayajida, Kano da Rano su ne sarakunan baba, wato rini. Yau a cikinmu wa ta taɓa ganin yadda ake haɗa baba da toka? 'Ya'yanmu kam ba su ma san ganyen ba. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, tana nan tana aiki, kuma ɗaurin zanen da ake tsomawa a ciki mata ne ke yinsa a cikin gida, a biya su. Wannan sana'a ce da ba ta hana ki girki, zare da allura ne jarinta.

Saboda haka ni ina bayan tafiyar, amma da sharaɗi. Kada mu je yawon ɗaukar hoto. Mu fara da Rano, mu nemi dattawa su nuna mana abin da ya rage na ganuwa, sannan mu wuce Ƙofar Mata, Gidan Makama da kasuwar Kurmi. Kowace ta riƙe ɗan littafi, ta tambayi farashin faifai, tabarma da zanen rini, ta ga irin wanda baƙi ke ɗauka. Wadda ba ta rubutu ta taho da 'yarta.

Mazajenmu, ku ma da roƙo: tsohon zauren nan mai azara, a yaɓe shi kafin damina maimakon a ture shi a sa bulo.

Mai son zuwa ta ba sakatariya sunanta kafin a tashi, don mu san bas nawa za a nema.