Dillalan Bayanai da Farautar Baƙi a Amurka

Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka zan shiga magana kai tsaye.

Duk wanda ke wannan zaure ya san hukumar ICE da aikinta na kama baƙin haure a Amurka da tasa ƙeyarsu, ba sai na ɓata muku lokaci a kai ba. Abin da ya kawo ni shi ne saɓanin da ya daɗe tsakanina da wasu abokan aikina, masu cewa matsin lambar da ƙungiyar Mijente da ƙawayenta suka soma yi wa kamfanonin fasaha masu yi wa ICE aiki tun 2018 aikin baban giwa ne. Hujjarsu guda ce. Sun ce kamfanin Palantir ya karɓi kwangilar kusan dala miliyan 41 daga ICE a 2014, an yi zanga-zanga a ƙofar ofisoshinsa, ɗalibai sun sha alwashin ba za su yi masa aiki ba, amma a watan Afrilun 2025 ya sake samun wata ta dala miliyan 30. Haka aka yi, ban musa ba. Sai dai inda suka sa ma'auninsu ba nan maganar take ba.

Palantir injin niƙa ne, hatsin da yake niƙawa daga wani wuri ake kawo masa. Masu kawo hatsin su ne dillalan bayanai, kuma a kansu ne gwagwarmayar ta yi abin da za a iya nunawa.

A watan Mayun 2022 cibiyar nazarin sirri da fasaha ta Jami'ar Georgetown ta fitar da rahoton da nake ganin wajibi ne kowane malamin shari'a ya karanta. Masu binciken sun bi takardun kwangiloli da na kashe kuɗi, suka gano cewa daga 2008 zuwa 2021 ICE ta kashe kimanin dala biliyan 2.8 wajen sa ido da tattara bayanai. Ta bi hotunan lasisin tuƙi na mutum 1 cikin kowane baligai 3 da manhajar gane fuska. A lokacin tana iya duba bayanan lasisin mutum 3 cikin 4. Sannan tana iya gano gidan mutum 3 cikin 4 ta hanyar takardun wuta da ruwa da gas da waya. Ku lura, baligai aka ce, ba baƙi kaɗai ba. Ɗan ƙasa da baƙo duk suna cikin koma ɗaya.

Adadin ƙarshen nan shi ya fi tsaya mini a rai, don haka bari mu bi shi daki-daki. Mace ce ta kama hayar ɗaki, ba ta da takardar zama. Tana iya haƙura da asusun banki, tana iya haƙura da mota, amma ba za ta bar 'ya'yanta cikin duhu da sanyin hunturu ba. Ta kira kamfanin wuta, ta ba da sunanta da sabon adireshinta. Kamfanin ya miƙa su ga wata ma'ajiyar haɗin gwiwa ta kamfanonin wuta da waya mai suna NCTUE, wadda kamfanin Equifax ke gudanarwa. Equifax ya sayar wa kamfanin Thomson Reuters, shi kuma ya zuba a rumbunsa na CLEAR, wanda a lokacin ICE ke biyan kuɗi tana shiga. Jami'i yana zaune a ofis, ya rubuta suna, adireshi ya fito. Babu alƙalin da ya sa hannu, babu sammaci, babu wanda ya tambayi matar. Abin da gwamnati za ta sha wuya kafin kotu ta ba ta, ta saye shi a kasuwa.

To, wannan kafar an toshe ta. Bayan 'yan jarida da masu bincike sun fallasa ta a farkon 2021, Sanata Ron Wyden ya sa baki, kuma kafin shekarar ta ƙare NCTUE ta hana Equifax ci gaba da sayar da waɗannan bayanai. Abin da aka riga aka sayar bai dawo ba, amma wanda ya ja wuta bayan nan ya tsira daga wannan hanya. A Kanada kuma, ƙungiyar ma'aikata ta BCGEU, wadda ke da hannun jari a Thomson Reuters, ta yi ta kai batun gaban taron masu hannun jari tun 2020, har a 2022 kamfanin ya amince ya bi ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya kan kasuwanci da haƙƙin ɗan Adam. Wanda ya kira wannan aikin banza bai karanta takardun ba.

Za a ce ai ICE ta koma wajen kamfanin LexisNexis a 2021 da kwangilar dala miliyan 16.8. Ta koma, kuma wannan ya nuna doka ake bukata, bai nuna kuskure ne a yi magana ba. Kamfanonin kuma suna cewa kayansu na taimakawa wajen kama masu safarar mutane. Mai neman mai safarar mutane yana da hujjar da zai kai gaban alƙali. Ya kai mana.

Kada wani ya ɗauka labarin nesa nake bayarwa. LexisNexis da Elsevier uwa ɗaya ta haife su, wato kamfanin RELX. Mujallun da muke rububin bugawa a ciki, da Scopus da ake auna mu da shi wajen ƙarin girma, duk na gidan ne. Sarah Lamdan, wadda a lokacin take ma'aikaciyar laburaren shari'a a New York, tana cikin waɗanda suka fara tayar da ƙurar nan cikin abokan sana'arta, har ta rubuta littafi a kai a 2022. Waɗanda ake korowa kuma akwai namu a ciki. A watan Satumban 2025 Ghana ta karɓi 'yan Afirka ta Yamma da Amurka ta koro, cikinsu har da 'yan Najeriya.

Shawarwarina ba sababbi ba ne, wasunku sun sha jin su a bakina. A Amurka, Majalisar Wakilai ta amince a watan Afrilun 2024 da ƙudurin da zai hana hukumomi sayen bayanan da sai da sammaci za su samu, amma bai zama doka ba. Nan ya kamata masu gwagwarmaya su fi mayar da ƙarfinsu. A nan gida Najeriya muna da dokar kare bayanai ta 2023, muna kuma da lambar NIN da aka ɗaure da layin wayar kowa. Ina kira ga tsangayoyin shari'a su zauna su rubuta gyaran da zai fito fili ya hana kowace hukuma karɓar bayanan ɗan ƙasa ko baƙo daga hannun kamfani, da kuɗi ko kyauta, sai da izinin kotu. Ƙungiyoyin ma'aikata su tambayi masu kula da kuɗin fanshonsu inda ake zuba shi. Kwamitin laburare na kowace jami'a kuma, kafin ya sabunta biyan kuɗin kowane rumbun mujallu, ya nemi kamfanin ya faɗa a rubuce abin da yake tarawa game da malamai da ɗaliban da ke shiga, da wanda yake ba wa.