Jawabi Kan Wayar Ƙari Ta Allon Rubutun Kwamfuta



Abin da za mu tattauna yau ƙarami ne a ido, wato wayar da muke sayowa a kasuwa a nan Katsina don ƙara wa allon rubutu na kwamfuta tsawo, ko don maye gurbin wadda ɓera ya gaigaye. Amma duk wanda allonsa ya taɓa tsayawa ana saura kwana biyu a karɓi kundin bincike, ya san ba wasa ba ne.

Bakin wayar allo iri biyu ne. Akwai tsohon nan mai zagaye, PS/2, wanda kamfanin IBM ya fito da shi a 1987, har yanzu kuwa ana samunsa a wasu ofisoshi. Shi wannan ba a zare shi ko a cusa shi sai an kashe na'ura. Sai kuma USB, wanda ya bayyana a 1996. Wutar da ke bin wayarsa bolt 5 ce kacal, ba ta kashe mutum. Illarta tsawo: a ƙa'idar USB 2.0, kada ta wuce mita 5. In aka yi ta haɗa ƙari a kan ƙari, sai ka ga haruffa suna tsallake, ka ɗauka allon ne ya lalace.

To, amma fa inda hatsarin yake shi ne ɗaya wayar, wato ekstenshan ɗin da ke kawo wa kwamfutar wuta daga bango. Wutar KEDCO bolt 230 ce. Filogi mai ƙafa uku fiyus ɗinsa ba ya wuce amfiya 13, kimanin wat 3,000 ke nan. Kwamfuta ba ta cin ko kusa da haka, sai dai mu ɗalibai mun saba jona mata hita da dutsen guga a wuri guda. Ga wayoyin araha kuma, da yawansu ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe, shi ya sa suke zafi har roba ta narke. Gwajin mai sauƙi ne: a kara maganaɗisu a bakin wayar, jan ƙarfe na gaskiya ba ya kamawa.

Doguwar ƙafar nan ta sama kuwa, wadda wasunmu ke ɓallewa, ko su tura murfin biro a raminta don filogi mai ƙafa biyu ya shiga, ita ce ke kai wuta ƙasa idan na'ura ta sami matsala. In babu ita, jikin mai taɓa akwatin kwamfutar ne zai zama hanyar.

Muna roƙon kwamitin ɗakunan kwana ya zagaya cikin makon nan, ya duba wayoyin da aka bi da su ta ƙarƙashin katifu da dardumai.