Kafin ka ƙera wa Tarka manhaja, je ka zauna a kan tabarmarta

 

Yau maganata da ku ce, ku masu kwamfuta a jaka. A cikinmu akwai masu rubuta manhaja, akwai masu tsara takardun tambayoyi wa ƙungiyoyin ONG, akwai masu burin buɗe ɗan kamfani da zai “taimaki manoma da makiyaya”. Niyya ce mai kyau, Allah ya ba da lada. Tambayata guda ce: wannan mutumin da za ka taimaka, ka taɓa ganin hannunsa a kan abin da ka ƙera?

Mu ɗauki Tarka ma'auni. Wanda bai sani ba, Tarka tana cikin Damargu, arewacin jihar Damagaram. Da can tana ƙarƙashin Tanut, sai a 2011 aka mai da Belbeji gunduma mai zaman kanta. Ƙasa ce ta kan iyaka tsakanin noma da kiwo: kudu gero, arewa garke. Bahaushe na nan, Buzu na nan, Bafillace na nan, kowa da harshensa da lokacin tafiyarsa. Da rani samari da yawa sun tafi cin rani, wasu Najeriya, wasu Aljeriya ko Libiya, gida ya rage wa mata da tsofaffi. Kuɗin da za su aiko shi ne cefanen lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Duk abin da ka ƙera ya yi aiki a hannun waɗannan matan, to zai yi aiki a Yamai. Amma wanda ya yi aiki a Yamai, ba dole ne ya tsallake Tanut ba.

Masu sana'ar suna da suna wa wannan fanni, suna ce masa UX, wato yadda mai amfani da kaya yake ji da shi tun daga taɓawar farko har ya gama buƙatarsa. Wani Ba'amurke, Don Norman, shi ya yaɗa kalmar lokacin da yake aiki a kamfanin Apple a shekarun 1990. Gundarin koyarwarsa shi ne, idan mutane da yawa suna kuskure da kaya iri ɗaya a wuri ɗaya, laifin na maƙerin ne. Mu kuwa me muke cewa in tsohuwa ta kasa cire kuɗinta? “Jahilci ne, sai an wayar musu da kai.” Kun ji? Mun wanke kanmu, mun ɗora mata.

A nan nake son mu raba abu biyu da muke yawan haɗawa. Akwai jin ƙai, akwai kuma shiga halin mutum. Mai jin ƙai yana tsaye ne daga sama yana cewa “Allah sarki”. Wanda ya shiga halinka ya san nawa ka biya kabu-kabu, ya san wa ka roƙa ya karanta maka saƙo, ya san kunyar da ka ji da ka miƙa wa yaro ɗan shekara goma sha biyu lambar sirrinka. Na farkon a zuciya yake tsirowa, kyauta ne. Na biyun aiki ne, kuma yana da kayan aiki.

Bari in ba ku misalin da kowa a ɗakin nan ya sani amma ba ma sa shi a lissafi. Mu a nan da dala muke ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce. In inna ta ce “ɗari”, sefa 500 take nufi. In ta ce “jikka”, 1.000 ke nan. To ka ƙera manhaja mai magana, ka ce ai ka yi ƙoƙari ka fassara ta da Hausa. Allo ya nuna 500, murya ta ce “ɗari biyar”. Me inna ta ji? Ta ji jikka biyu da rabi, sefa 2.500. Ta je wurin mai shagon cire kuɗi, ya ba ta ɗari, ta ce ya cuce ta. Rigima ta tashi, amana ta karye, kuma ba wanda ya yi sata. Haka nan farashin gero: kai ka rubuta da kilo, kasuwa kuma da tiya take awo. Ba kwamfutar da za ta gaya maka wannan. Sai ka zauna kusa da mai awo.

To mene ne kayan aikin?

Na farko shi ne kallo. Ka je inda ake amfani da abin, ka zauna, ka yi shiru. Ranar kasuwa, je ka rumfar mai cajin salula. Ƙirga wayoyin da ke jone: nawa ne masu maɓalli, nawa ne masu shafawa? Wa ya kawo su? Sau da yawa za ka ga mutum ɗaya ya zo da wayoyin rugarsu gaba ɗaya. Nan take za ka gane cewa zancen “mutum ɗaya, waya ɗaya, lamba ɗaya” da muka gina komai a kansa bai tsaya ba. Waya ɗaya tana iya zama ta miji da matansa da ƙaninsa. In ka aika wa mace saƙon sirri game da lafiyarta ko kuɗinta a wannan lambar, wa ka aika wa?

Na biyu shi ne hira, amma hira mai dabara. Kada ka tambayi mutum “za ka yi amfani da wannan in mun kawo?” Wallahi zai ce eh. Kai baƙo ne, ka zo da mota, wataƙila akwai rabon wani abu a bayanka, kuma ba tarbiyyarmu ba ce a kunyata baƙo. Ka tambaye shi abin da ya riga ya faru: “Baba, karo na ƙarshe da ɗanka ya aiko da kuɗi, yaya aka yi har suka shigo hannunka?” Sai ka bar shi ya ba da labari. Abin da mutum ya yi jiya ya fi abin da ya ce zai yi gobe gaskiya.

Daga wannan labarin ake fitar da na uku, taswirar tafiya. Ba wani abin mamaki ba ne, da sanda ma ana zana ta a ƙasa. Ka jera matakai tun daga farko. An kira daga Agadas an ce an turo. Wayar ba caji. An ba yaro ya kai caji. Rezo ba ya kamawa sai an hau tudu. Saƙo ya shigo da Faransanci. An nemi mai karatu. An jira ranar kasuwa. An biya kuɗin hawa. An iso, mai shago ya ce tsabar kuɗi sun ƙare, a dawo. A kowane mataki ka rubuta abu uku: lokaci nawa ya ci, kuɗi nawa ya ci, kuma me mutumin ya ji a ransa. In ka gama za ka ga allon da ka kwana kana gyara launinsa mataki ɗaya ne tak cikin tara.

Na huɗu shi ne mutumin misali. Bayan ka yi hira da mutane da dama, sai ka tattara halayensu ka fitar da mutum biyu ko uku da za ku riƙa tunawa da su a ofis: matar ɗan cin rani, makiyayi mai tafiya da garke, dillalin kasuwa. Duk shawarar da za a yanke, a tambaya: ita wannan za ta iya? Amma ku yi hattara. Na sha ganin atelye a ɗaki mai sanyi inda ake manna takardu masu launi a bango, ana rubuta abin da “matar karkara” take tunani, take ji, take faɗi, alhali ba wanda ya yi magana da ko ɗaya. Wannan tatsuniya ce. Mutumin misali da bai fito daga bakin mutanen gaske ba, son zuciyarka ne ka ɗaura masa zane.

Na biyar, wanda ya fi ciwo kuma ya fi amfani, shi ne gwajin hannu. Ka miƙa wa mutum abin da ka ƙera, ko da zane ne a takarda, ka ce “tura wa ƙanwarka jikka biyu”, sannan ka naɗe hannunka. Kada ka nuna, kada ka ce “danna nan”. Inda ya tsaya, nan aikinka yake. Kuma ba sai ka tara jama'a ba. Jakob Nielsen, wani masanin fannin, ya nuna tun shekarar 2000 cewa gwaji da mutum biyar yakan tono kusan kashi 85 cikin ɗari na matsalolin amfani. Sai dai a wuri irin Tarka, biyar ɗin na kowane rukuni ne: matan gari daban, makiyaya daban. Kuɗin shayi da na mota ne kawai. Ba wanda zai ce ba shi da hali.

Wani zai ce wannan duk surutun 'yan boko ne. To ga abin da ya faru a zahiri. M-Pesa ta Kenya, da aka fara gwada ta a 2005, an tsara ta ne don masu ƙananan basussuka su riƙa biya ta waya. Masu aikin suka lura mutane suna amfani da ita suna tura wa junansu kuɗi. Suka bi sawun mutanen, suka juya akalar, Safaricom ta fito da ita a 2007 a matsayin hanyar aika kuɗi gida. Da sun tsaya a kan tsarinsu na farko suna cewa mutane ba su gane ba, da yau ba mu san sunanta ba.

A nan gida ma muna da darasi. A 2010, bayan fari, ƙungiyar Concern ta raba tallafin sefa 22.000 a wata, har wata biyar, a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu an ba su a hannu, wasu ta waya, ta hanyar Zap. Jenny Aker da abokan bincikenta suka bi diddigi, suka ga gidajen da suka karɓa ta waya sun fi cin abinci iri-iri, yaransu ma sun fi samun ci. Kuɗin ɗaya ne fa. Bayanin da suka bayar shi ne, matan sun rage ɓata lokaci a hanya da layi, kuma sun ƙara samun ta cewa a kan yadda za a kashe kuɗin. Lokaci da sutura, abubuwan da ba a gani a kan allo.

Ku dubi kuma cibiyar kiran waya ta RECA, haɗakar majalisun manoma. Manomi ya ɗauki hoton ganyen da tsutsa ta ci, ya yi bayani da murya ta WhatsApp, a amsa masa da harshensa. Ba a ce ya koyi sabon abu ba, an same shi inda yake. A ƙasar da yawancin manya ba sa karatun boko, murya ita ce babbar ƙofa. Kuma tun Maris 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa. To in har yanzu saƙon da ke gaya wa talaka kuɗinsa sun iso yana zuwa da harshen da ba ya ji, muna da hujjar tambaya.

Yanzu ga inda nake son mu bambanta da 'yan kasuwa. Waɗannan kayan aikin wuƙa ce. Wanda ya san tsoron mutum da buƙatarsa yana iya sauƙaƙa masa rayuwa, yana iya kuma ɗana masa tarkon bashi ko na caca. Saboda haka mu, in za mu fita, da sharuɗɗa za mu fita. A gaya wa mutum gaskiyar abin da ya kawo mu, har da cewa ba rabon kaya muka zo ba. Ba a ɗaukar hoto ko murya sai da izini, kuma “a'a” amsa ce. Mace ta yi hira da mata, a cikin gida, ba gaban mai gari ba. A nemi mai jin Fulfulde da mai jin Tamajak, domin wanda ya amsa maka da harshen kasuwa rabin cikinsa ya ba ka. A biya mutum lokacinsa, tun da ya bar rijiya ko gona ya zauna da kai. Sannan a koma. Mutanen karkara sun gaji da masu zuwa da littafi su cika su tafi. Ka dawo ka ce: ga abin da kuka faɗa, ga abin da muka canza, ga wanda muka kasa.

'Yan uwa, wanda ke da wani aiki a hannu yanzu, manhaja ce, fom ne, ko saƙon faɗakarwa, ina roƙonsa abu ɗaya kafin taronmu na gaba. In ba ka iya kai wa Belbeji, je tasha ko kasuwar dabbobi, mutanen Damargu suna shigowa kullum. Nemi mutum biyar da ba su yi lakwal ba, ka gaishe su yadda ya kamata, ka nemi izini, ka miƙa musu abin, ka rufe bakinka minti goma. Rubuta duk inda suka tsaya, ka kawo mana nan mu duba tare. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke masa yoyo, mu dai namu mu riƙe tsani.